Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan Hutun Sallah: Kada A Yi Mata Fomatin Tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan shagon buga takardu a Kabuga. Kwamfutar da nake aiki da ita HP Compaq 8000 Elite ce, ta hannu na saya, Windows 7 ne a kanta. Na rufe shago na tafi gida hutun Sallah har sati biyu. Da na dawo na kunna ta, sai ta rubuto "163-Time & Date Not Set", ta ce in danna F1. Na danna, tambarin Windows ya fara fitowa, sai wani shuɗin rubutu ya gifta kamar walƙiya, ta mutu ta sake tashi da kanta. Haka take ta yi. Wani mai gyara ya ce windo ne ya lalace, sai an yi fomatin. Ni kuma furojet ɗin ɗalibai da zanen katunan bikin mutane duk suna ciki. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, kada ka bari kowa ya yi mata fomatin, wato goge duk abin da ke cikinta a sake ɗora Windows. Ba ina cewa mai gyaran ya yi niyyar cutar ka ba ne. A sana'armu fomatin ya zama kamar farasitamol, duk ciwon da aka kawo shi ake fara miƙawa, don ya fi sauri kuma ba ya bukatar dogon tunani. Amma daga abin da ka rubuto, zatona mafi ƙarfi shi ne Windows ɗinka lafiyarsa ƙalau, ayyukan mutane ma suna nan inda ka bar su. Wanda nake zargi wani ɗan batir ne mai faɗin sulalla, wanda kuɗinsa bai kai na abincin ranarka ba.

Bari in nuna maka yadda na kai ga wannan zargin, don gobe ka iya yi da kanka.

Kwamfuta ba ta tashi a lokaci ɗaya, hawa-hawa take yi, kowane mataki yana miƙa wa na gaba. Da ka danna maɓalli, fawa-fak, akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, shi ne yake fara ba da wuta. Sai BIOS, wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin madabod, wato babban allon da duk kayan ciki ke jone a kansa, ta farka ta ƙirga kayan gida: furosesa na nan? RAM na amsawa? Akwai hanyar fitar da hoto zuwa monita? Idan ta gamsu, sai ta bi jerin da aka tsara mata tana neman inda za ta tashi daga kai, ko faifan DVD, ko filash, ko had-dis, wato faifan ajiya na cikin kwamfutar. Idan ta samu had-dis ɗin, abin da take karantawa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bayit 512 na farkon faifan, wanda ake kira MBR. A cikinsu 446 umarnin tashi ne, 64 taswirar yadda aka raba faifan ne, biyun ƙarshe kuma hatimi ne da ke shaida cewa faifan na tashi ne. Daga nan ake kiran BOOTMGR, ɗan fayil mai kula da tashi, shi kuma ya ɗauko Windows. Sai a mataki na ƙarshe Windows yake cewa BIOS ta koma gefe, shi zai ci gaba da magana da had-dis da bakinsa.

To dubi taka. Ka ga rubutu a monita, ke nan fawa-fak da furosesa da RAM duk sun amsa gaisuwa. Ka ga tambarin Windows, ke nan an ga had-dis, MBR bai lalace ba, BOOTMGR bai ɓata ba. A daidai wurin miƙa ragama ta faɗi, lokacin da Windows ya karɓi had-dis daga hannun BIOS. Kuma ta riga ta faɗa maka da bakinta cewa ta manta kwanan wata. Kwamfutar da ta manta kwanan wata ba shi kaɗai ta manta ba.

A kan madabod akwai batir mai lamba CR2032, bolt 3 yake ɗauke da shi. Aikinsa ya riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. Muddin kwamfutar na jone kuma akwai wuta a soket, ko a kashe take, fawa-fak yana ɗan tsiyaya mata wutar da za ta riƙe agogon, batirin yana hutawa. Shi ya sa a ƙasashen da ba a ɗauke wuta yake daɗewa sosai. Mu kuwa a Kano batirin nan ba ya samun hutu, dare da rana shi ke ɗauke da kayan, ga shi ita kwamfutar ƙirar wajen 2009 zuwa 2010 ce, kuma ina tababa idan an taɓa canza mata shi tun daga Turai ko Amurkan da ta baro. Sati biyun da ka yi a gida ne suka ƙarasa shi. Da ya mutu, BIOS ta zubar da duk saitin da wani ya taɓa yi mata, ta koma yadda ta fito daga kamfani.

A cikin saitin da ya zube akwai guda ɗaya da shi ne ummul'aba'isin wannan shuɗin rubutu. Had-dis na SATA yana iya magana da madabod ta yare biyu: tsohon yare mai suna IDE, da sabo mai suna AHCI. Ranar da aka ɗora Windows 7, yaren da ya tarar an saita shi yake kamawa, ya kunna direbansa, wato 'yar manhajar da ke yi masa tafinta, ya bar na ɗayan yaren a kashe. Kwamfutoci da yawa irin taka an taɓa mayar da su IDE a wani shago, saboda Windows XP bai zo da direban AHCI ba, masu ɗora shi sai su sauya saitin su huta. Daga baya aka ɗora 7 a kan haka, ba wanda ya waiwaya. Yanzu batir ya mutu, BIOS ta koma AHCI, Windows ya zo karɓar had-dis ya tarar ana yi masa yaren da tafintansa yake barci. Sai ya tsaya cak.

Za ka iya tabbatar da wannan ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba. Kunna ta, bayan ka danna F1 ka riƙa danna F8 a jere har baƙin allo mai zaɓuɓɓuka ya fito. Sauko kan "Disable automatic restart on system failure" ka danna Enter. Wannan karon shuɗin allon zai tsaya, ba zai gudu ba. Dubi can ƙasa inda aka rubuta STOP. Idan ka ga 0x0000007B, to magana ta fito, ma'anarsa Windows ya kasa isa ga faifan da yake tashi daga kai. Ɗauki hotonsa da wayarka ko da wata lamba ce daban, za mu zo kanta.

Gyaran kuwa ga shi. Sayi sabon CR2032. Akwai shi a Farm Centre da Beirut Road, har masu gyaran agogo suna sayarwa. Ka sa a gwada maka shi a mita a gabanka, sabo yakan nuna 3 da ɗan ɗoriya, domin akwai waɗanda suka daɗe a kanta har suka mutu a cikin ledarsu. Zare wayar wuta daga bayan kwamfutar gaba ɗaya, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fice. Buɗe murfin, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara wutar nan da ke tsartuwa idan ka taɓa ƙofar mota. Za ka hango batirin yana ƙyalli a cikin gurbinsa. Tura ɗan ƙarfen da ya maƙale shi da farce, zai ɗago. Saka sabon, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama. Rufe, jona, kunna, ka riƙa danna F10 har ka shiga saitin BIOS. A ƙarƙashin File akwai wurin gyara lokaci da kwanan wata, ka gyara. Sannan ka je Storage, ka shiga Storage Options, ka nemi SATA Emulation. Idan AHCI ka tarar, mayar da shi IDE. Idan IDE ka tarar, gwada AHCI. RAID kam kada ka kusance shi. Sauyawa tsakanin waɗancan biyun ba ya goge ko harafi ɗaya a faifanka, in bai yi ba ka mayar yadda yake. Koma File ka zaɓi Save Changes and Exit. In Allah ya yarda za ka ga fuskar da ka saba gani.

Kada ka raina gyaran kwanan watan nan. Akwai masu zuwa mini da kukan cewa intanet ya ƙi buɗewa, kowane shafi sai ya ce ba amintacce ba ne, alhali agogon kwamfutar ne yake zaune a shekarar da ta wuce da daɗewa, takardun shaidar shafukan kuma da kwanan wata ake auna su.

To idan lambar ba 7B ba ce fa? Biyun da na fi gani a garin nan su ne 0x000000ED da 0x00000024. Dukansu suna nuna cewa tsarin ajiyar fayiloli ya hargitse, kuma galibi sanadin ɗaya ne: an ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe kwamfuta tana tsakiyar rubutu a faifai. Nan ne nake so ka yi taka-tsantsan, domin a nan mutane suka fi yin asara. Duk wanda ka tambaya zai ce ka yi chkdsk, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, kuma gaskiya ne yana gyara irin wannan. Amma chkdsk /r bi yake yi lungu-lungu na faifan yana karantawa na sa'o'i. Idan faifan lafiyayye ne da aka yi wa katsalandan, zai warke. Idan kuwa dama yana kan gargara, wannan wahalar ce za ta ƙarasa shi, da kayanka a ciki. Don haka a shagona doka ce: kwashe kaya tukuna, gyara daga baya. Ko dai a cire had-dis ɗin a jona shi a wata kwamfutar a matsayin na biyu, ko a tashi taka da filash mai ɗauke da Linux, irin su Linux Mint, wanda ke aiki daga kan filash ɗin ba tare da an ɗora shi ba, a buɗe faifan a kwafe Desktop da Documents da duk inda kake zuba aiki. Fara da abin da ya fi tsada a wurinka, kada ka fara da finafinai da waƙoƙi.

Da tsada na koyi wannan dokar. Ina sabon shiga sana'ar, wani dattijo mai shago a Kantin Kwari ya aiko yaronsa da kwamfuta, ta tsaya a baƙin allo. Maigidana ya fita sallar La'asar, ni kuma ina ɗokin in nuna na iya, na zura faifan XP na yi mata fomatin, kafin ya dawo har na ɗora Office. Washegari Alhajin ya zo da kansa, ya zauna a kan benci ya ce, "Yaro, ina littafin bashina?" Sunayen duk waɗanda suka ɗauki atamfa da shadda bashi, na Kano da na ƙetare, a fayil ɗaya na Excel suke. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, ya dai cire hularsa ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa. Mun kwana uku muna tono da manhajar dawo da abin da aka goge, abin da muka samu bai kai rabi ba, domin sabon Windows ɗin da na ɗora ya riga ya kwanta a kan sauran. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya na gane umarni biyu kacal take bukata, fixboot da fixmbr.

Yadda za ka san ko had-dis na gargara: sa kunnenka a jikin akwatin lokacin da take tashi. Lafiyayye yana yin ƙugi siriri mai ɗorewa. Idan ka ji ƙyas, ƙyas, ƙyas a jere, ko ya ɗauki juyi ya saki ya sake ɗauka, kashe ta nan take, duk kunnawar da za ka ƙara ragi ce a cikin damar da ta rage. Ita taka HP ɗin tana da gwajin kanta, a cikin F10 ƙarƙashin Storage akwai DPS Self-Test. Wani lokaci ma ita za ta riga ka, ta rubuto saƙo mai lamba 1720 cewa SMART, tsarin da faifan ke duba lafiyar kansa da shi, ya hango mutuwar faifan ta kusa. Mutane sukan danna F1 su wuce shi wata da watanni. Idan faifan yana jone a wata kwamfutar, manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, dubi layi mai lamba 05 da mai lamba C5. Na farko yana ƙirga gurabun da suka lalace aka yi musu musanye, na biyu waɗanda ake tababa a kansu. Idan suna hauhawa, faifan ba na riƙe amanar mutane ba ne kuma.

Tunda wasu za su karanta wannan da tasu matsalar daban, bari in taɓo sauran matakan a gurguje.

Wadda ta tsaya kafin tambarin Windows ta rubuto "BOOTMGR is missing", ko "NTLDR is missing" idan XP ce, ko ta bar ka da ɗan layi yana ƙiftawa a kusurwa, fara da leƙa bayanta. Kwanaki wata Hajiya mai makaranta a Hotoro ta ɗauko tata a Adaidaita Sahu har shago, ranta a ɓace, sakamakon jarrabawar yara na ciki. Yarona ya juya akwatin zai jona monita, sai ga wani ɗan mitsitsin filash maƙale a baya, wanda malamin lissafi ya manta. BIOS tana ganinsa kafin had-dis, tana neman Windows a cikinsa. Muka zare, ta tashi. Hajiya ta ce nawa ne, na ce ta ba yaron na ruwa. Idan babu filash ko faifai a ciki, shiga BIOS ka ga ko sunan had-dis ɗin yana fitowa ma. In bai fito ba, sau da yawa wayar SATA ce ta saki ko ta gaji, cire ka mayar, ko ka canza wata. Saƙon nan mai farawa da PXE-E61 da ke firgita mutane ma yawanci abin da yake nufi ke nan: ta rasa faifai ne har ta koma nema ta wayar intanet. In kuwa sunan ya fito, tashi da faifan Windows 7, zaɓi Repair your computer, shiga Command Prompt, ka ba da bootrec /fixmbr, sai bootrec /fixboot, sai bootrec /rebuildbcd. Kada ka rikice idan ka ga Windows ɗinka ya koma D a wannan wurin. Wani ɗan fatishan mai megabayit 100 da Windows 7 yake ɓoyewa ne ya karɓi harafin C na ɗan lokaci.

Wadda ba ta nuna komai a monita sai kuka, ita ma magana take yi. Irin waɗannan HP na ofis suna ƙifta jar fitila tare da ƙara, sai ka ƙirga. Biyar RAM ne, shida ɓangaren hoto, huɗu wuta, biyu zafi ya yi wa furosesa yawa. Biyar ɗin na fi gani, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu kamar annoba, saboda ƙurar hunturu ba ta bar ramin da ba ta shiga ba. Cire RAM ɗin, goge haƙoransa masu ruwan zinare da magogin fensir, hure gurbin da bulowa, mayar har ka ji maƙallan gefe sun ce ƙas. Idan guda biyu ne, gwada ɗaya-ɗaya. Ƙara biyun kuma na watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura 40: fanka ta toshe da ƙura kamar bargo, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe ya zama alli. A wanke, a shafa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero biyu. Ka kuma duba kafasitocin da ke tsaye a madabod kamar ƙananan gwangwanaye. Kansu ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya gama aiki, kuma kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwon.

Wadda ko numfashi ba ta yi, fawa-fak ake fara tuhuma. Gargaɗi ɗaya ga masu sayen tsofaffi na hannu: wasunsu suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Amurka da 120 take aiki, mu 230. Ka jona ta tana kan 115, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna. Kuma Malam, in wata rana fawa-fak ɗin taka ya mutu, ka je da tsohon a hannu, domin fuloginsa ba irin na gama-gari mai fil 24 ba ne, nasu ne na musamman. Shi fawa-fak ba a buɗe cikinsa a gida, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

Mu dawo kanka. Idan ta tashi, a ranar, kafin ka buga wa kowa ko shafi ɗaya, kwafe ayyukan mutane zuwa wani wuri na biyu. Had-dis ɗin da ke ciki wataƙila sa'an kwamfutar ne, ya haura shekara goma yana juyi. In da hali, sayi SSD na SATA, wato ma'ajiyar zamani da ba ta juyi, ko mai gigabayit 128 ne, a mayar da Windows kansa, tsohon ya zama rumbu. Za ka yi mamakin saurin da tsohuwar kwamfutar nan za ta yi. A lokacin ne ya dace a koma AHCI, bayan an kunna direbansa mai suna msahci a cikin rajistar Windows, kuma wannan aikin minti biyar ne ga wanda ya sani. Idan za a haɗa filash na ɗora mata Windows da manhajar Rufus, a zaɓi tsarin MBR, ba sabon tsarin GPT ba, don wannan ƙirar ba ta san UEFI ba, wato magajin BIOS a sabbin kwamfutoci. Filashin da aka haɗa wa sabbin kwamfutoci ko kallonsa ba za ta yi ba, sai a ce maka ita ce ta lalace.

Windows 7 kuwa, Microsoft ta daina ba shi kariya tun 14 ga Janairun 2020. Ni ba na cikin masu cewa a jefar da shi ko ta halin ƙaƙa. Don buga takardu da CorelDRAW yana yi maka aiki, firintarka ta saba da shi, bar shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka riƙa shiga asusun banki ko cike wa mutane fom mai lambobin sirri a kansa. Kuma ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko wanda zai ba ka minti biyar ka adana aiki ka kashe ta da hannunka, ya fi maka sabon kibod da sabon monita amfani a wannan shagon.

Canza batirin, gwada saitin SATA ɗin. Idan har bayan haka ta ci gaba da faɗuwa, turo mini hoton shuɗin allon yadda lambar STOP za ta fito sosai, tare da abin da DPS Self-Test ya ce, kuma kada ka ƙara kunna ta kafin ka ji daga gare ni.